Inna za ta fara gashi a Yamai: me za ta ci, me za ta bari?

"Assalamu alaikum Likita. Ni 'yar Birni ce a nan Damagaram. Innarmu mai shekara 54 an gano tana da sankarar bakin mahaifa, an tura mu Yamai za a yi mata gashi na mako 5 haɗe da kimiyo. Ni zan tafi jinya. Wata maƙwabciyarmu da aka yi wa bara ta ce zawo ya kusa kashe ta, ta ce kada mu ba Inna nono, ko ganye, ko wake, ko mai, ko nama, sai farar shinkafa da kunu har a gama. Inna kuwa da ma ta rame, kuma in ba fura ba babu abin da take sha da marmari. Don Allah me ke kawo zawon nan? Me za ta ci, me za ta bari? Na gode."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Tambayarki biyu ce a haɗe. Ta farko, me ya haɗa gashin mahaifa, wato haska wurin da hasken na'ura mai kashe ƙwayoyin sankara, da zawo alhali ba hanji aka nufa ba. Ta biyu, wadda ta fi damuna, ko ya dace a ɗauke wa Inna kusan duk abin da take ci tun kafin wani abu ya same ta. Amsar ta biyun a'a ce, kuma a kanta zan fi daɗewa. A cikin matan da ke dawo mana daga Yamai, waɗanda na ga yunwa da ƙarancin ruwa sun kayar sun fi waɗanda wani abinci ya cutar. Maƙwabciyarku ba ƙarya ta yi ba, zawon gashi gaskiya ne kuma yana wahalarwa. Sai dai mako 5 a kan farar shinkafa da kunu zalla, ga mace da ta riga ta rame kuma tana zubar da jini, wata cutar ce za a ɗora mata a kan wadda take fama da ita.

Ni likitar cututtukan ciki ce. Aikina shirya marasa lafiya kafin su tafi, amsa wayar masu jinya suna can, da karɓarsu idan sun dawo. Ba ni ke tsara gashin ba, ban kuma ga takardun Inna ba. Duk inda maganata ta saɓa da ta likitocin da ke riƙe da ita a can, tasu za ki bi, domin su suka san inda hasken zai bi a jikinta da yawan da za a ba ta.

Abin da gashi ke yi wa hanji

Tun 2021 da sashen gashi na cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, ya fara aiki a Yamai, aka rage wa mutanenmu wahalar fita waje neman wannan magani. Tsarin da aka saba yi wa sankarar bakin mahaifa shi ne zama 25 zuwa 28, sau ɗaya a yini, kwana 5 a mako, tare da kimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara da ake sawa ta jijiya, mai suna sisplatin, sau ɗaya a mako, sannan a ƙarshe gashin ciki, wanda ake kai hasken dab da bakin mahaifar. Zaman na kullum 'yan mintoci ne, ba ya zafi, kuma Inna ba za ta fito da wani haske a jikinta da zai cuci kowa ba. Ku ci a kwano ɗaya, ku kwana ɗaki ɗaya.

Mara wuri ne mai cunkoso. Mahaifa na tsakiya, mafitsara a gabanta, ƙarshen babban hanji da dubura a bayanta, ƙaramin hanji kuma ya sauko daga sama ya kwanta a kansu. Babu hanyar da haske zai isa mahaifa bai taɓa maƙwabtanta ba. Gashi ya fi kama ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, shi ya sa yake cin sankara, kuma fatar cikin hanji tana cikin masu saurin nan, domin tana sake kanta gaba ɗaya cikin kwana 3 zuwa 5. Ki ɗauke ta kamar katangar ƙasa a damina, wadda ruwa ke zaizaya kullum magina kuma na bin ta da yaɓe. Gashi yana tsayar da maginan na ɗan lokaci, zaizayar kuwa ba ta tsaya ba.

Idan fatar ta yi siriri, abubuwa da dama ke biyo baya. Hanji ba ya tsotse ruwa yadda ya saba, sai bayan gida ya yi ruwa. Sinadarin da ke narkar da sukarin madara yana raguwa, shi ya sa wadda ta sha madara duk rayuwarta za ta iya fara kumburi da ƙugin ciki idan ta sha. Ruwan matsarmama, wanda jiki ke zubowa don narkar da maiƙo, a ƙarshen ƙaramin hanji ake sake tsotse shi, kuma wannan yanki yana kwance ne daidai cikin mara. Idan ya ƙi tsotsewa, ɗacin ya wuce babban hanji ya jawo ruwa, sai ki ga zawo mai gaggawa jim kaɗan bayan cin abu mai mai. Dubura kuma idan ta kumbura, mace za ta riƙa jin kamar akwai saura, ta koma makewayi ta yi nishi, ba abin da zai fito sai majina. Sisplatin ɗin ma yana ƙara nasa, da tashin zuciya da rashin son abinci.

Yawanci makon farko lafiya ƙalau yake wucewa. A mako na 2 ko na 3 ake fara ganin canji, ya riƙa ƙaruwa har ƙarshen gashin, wani lokaci ya fi tsanani mako 1 ko 2 bayan an gama, sannan ya lafa cikin 'yan makonni. Mafi yawan waɗanda ake yi wa gashi a mara suna ganin wani canji a bayan gidansu, amma ba kowa ke kaiwa inda maƙwabciyarku ta kai ba.

Akwai abu guda da Inna za ta yi da kanta ya rage wa hanjinta wahala tun daga tushe. Idan sun ce ta zo da mafitsara cike, wato ta yi fitsari, ta sha ruwa gwargwadon da suka faɗa, ta riƙe har a gama zaman, to ta bi wannan sau da ƙafa kullum. Cikakkiyar mafitsara tana tura ƙaramin hanji sama ya kauce wa hasken. Tsofaffinmu sukan ga abin kamar takura ce kawai, su zagaya su yi fitsari ana dab da kiransu. Ki yi mata bayanin dalilin, za ta riƙe.

Maganar hana abinci

Shekaru da yawa, likitoci kansu suna ba da shawarar da ta yi kama da ta maƙwabciyarku: duk wanda ake yi wa gashi a mara ya bar ganye, ɓawo, dusa da 'ya'yan itace tun ranar farko. Da aka zo aka gwada, hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ba. A wani bincike na asibitin Royal Marsden da ke Landan, wanda aka wallafa a 2017, an raba mutum 166 da ake yi wa gashi a mara gida uku: wasu aka rage musu irin wannan abinci mai fiba, wasu suka ci yadda suka saba, wasu aka ƙara musu. Waɗanda aka ƙara wa sun fi masu cin yadda suka saba sauƙin matsalar hanji, a ƙarshen gashin da kuma bayan shekara guda. Bincike ɗaya ne, kuma a kan mutanen Ingila da cimarsu, wadda ba ta kai tamu dusa da ganye ba, don haka ba zan ce ki ƙara wa Inna dusa ba. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne babu dalilin hana mutum abincinsa tun cikinsa na lafiya.

A ɗaya gefen kuma, mun san abin da rama ke jawowa. Wadda ta rame jininta na sauka, kuma gashi ya fi cin sankara idan jini ya isa, shi ya sa za ki ga suna auna jinin kowane mako, har su yi ƙarin jini idan ya yi ƙasa. Idan ƙarfi ya ƙare, dole a dakatar da kimiyo ko gashin kansa. Ga sankarar bakin mahaifa ana so a kammala komai, har da gashin ciki, cikin mako 8. Kowane jinkiri bayan haka dama ce ake ba cutar. Saboda haka duk abin da za ki dafa, ki auna shi da wannan: zai taimaka wa Inna ta je zaman gobe da ƙafarta?

To, daga yau har zuwa ranar da cikinta zai canza, ta ci abincinta. Tuwon gero ko na masara da miyar kuka ko kuɓewa, shinkafa, taliya, dankali, nama da ya dahu luguf, kifi, kaza, ƙwai, hanta. Mace mai kilo 60 tana buƙatar abin gina jiki kamar giram 60 zuwa 90 a yini, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal, kin ga kunu da farar shinkafa ba za su kai ta ko'ina ba. Abin da nake cewa a rage tun farko kaɗan ne: yaji mai yawa, soye-soye masu tsiyayar mai, lemon kwalba mai gas, da shayi mai kauri na 'yan hira, wanda ke motsa hanji. Idan tana cin goro ta rage. Idan likitocin gashin sun ce iska a cikinta na dame musu hoto, sai a janye wake, ɗanwake, ƙosai, kabeji da ɗanyar albasa, domin su ke tara iska.

Ki sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. Kowace rana shafi guda: abin da ta ci, sau nawa ta kewaya, mai ruwa ne ko mai kauri, da jini ko babu, ruwa kofi nawa ta sha. Ki fara tun a gida don a san yadda ta saba. Ranar ganin likita ki buɗe masa. Tsohuwa ba za ta iya ce wa likita namiji ta zaga sau 8 jiya ba, sai ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Na taɓa karɓar wata dattijuwa da ta daina cin abincin safe gaba ɗaya don tsoron kada cikinta ya motsa tana kwance a kan na'ura, ba ta faɗa wa kowa ba, har jiri ya fara kayar da ita. Da 'yarta ta sani, da an matsar da karin kumallon zuwa bayan zaman an ba ta maganin tsayar da ciki, shi ke nan. Ke ce bakin Inna a wannan tafiya. Ki kuma sa a auna nauyinta kowane mako. Idan mai kilo 60 ta zubar da kilo 3 cikin wata guda, wannan magana ce ta likita.

Idan zawon ya zo

Ruwa ne farko, kafin abinci, kafin magani. Sisplatin yana wahalar da ƙoda, kuma ƙodar da ba ta samun ruwa ita ta fi saurin lalacewa. Ga zafin Yamai. Ta sha lita 2 zuwa 3 a yini, kaɗan-kaɗan, da ƙarin kofi guda bayan kowace kewayawa, sai fa idan tana da ciwon zuciya ko na ƙoda, a nan likita ne zai yanka mata adadi. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ke fita, don haka ki tafi da ƙunshin SRO, wato garin gishiri da sukari na masu zawo, daga farmasi, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya. Idan ya yanke miki da dare, ki tafasa ruwa lita 1 ya huce, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali. Romon kaza ko na nama da aka kwashe man samansa, da ruwan da aka tace daga dafaffiyar shinkafa da ɗan gishiri, duka suna taimakawa. Fitsari shi ne ma'auninki: idan ya yi kaɗan ya yi ja kamar shayi, ruwa bai isa ba.

Sannan ki sauya wa abincin kama. Geron nan dai shi ne, amma a surfe shi sosai, a wanke, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi. Kunun gasara da aka tace ya fi wanda aka dama da tsaki. Tuwon shinkafa mai laushi, tuwon masarar da aka cire wa dusa, taliya, faten dankalin turawa ba ɓawo, farin burodi, ayaba nunanniya. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa, ba yaji, mai ɗan kaɗan, yawancin marasa lafiyata suna ɗaukarsu lafiya, kuma yauƙin nan yana riƙe ruwa ya ɗan ɗaure bayan gida. Abin da ke ƙara wahala a wannan lokaci shi ne mai kaushi: kwaɗon zogale da na rama, dambu, salak, ɗanyen kabeji, wake da ɓawonsa, aya, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, masara gasassa, mangwaro mai zare, gwaba da 'ya'yanta, dabino da yawa. Waɗannan a ajiye su har ciki ya lafa, sannan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya.

Kada abin gina jiki ya fita daga kwanon ko da rana ɗaya. Ki fasa ƙwai ki kaɗa a cikin kunu yana kan wuta har ya dahu, ba za ta ma ji shi ba. Ki dafa kaza ki cire fatar, ki daka tsokar a turmi ki zuba a miya. Kifi a dafa shi a romo maimakon suya. Awara ma a dafa ta cikin miya. Kilishi, tsire da balangu na bakin hanya su jira, saboda yaji, maiƙo da ƙura. Mai kuma ba a hana shi ɗungurungum, cokali guda a miya ba laifi, domin shi ke ba da ƙarfi. Babban kwano sau 3 yana tayar da hanji ya kuma kashe wa marar lafiya gwiwa tun daga ganinsa. Ki raba shi ƙananan kwanoni 5 ko 6, da ɗumi, ba da tururi ba.

Fura da nono

Na ware wannan domin kin ce ita ce abincin Inna, kuma na san abin da ake nufi idan aka ce an hana Badamagariya fura. Ba zan hana ta ba. Abubuwa uku ne a cikin kwaryar ke iya ba da matsala, kuma kowanne yana da gyara.

Kayan yaji: furar kasuwa tana da barkono, citta, masoro da kanumfari. Ki yi taku a gida, daga gero surfaffe da aka tankaɗe, ba barkono, citta ɗan ƙamshi kawai ko ma babu. Ruwan damu: dawon dafaffe ne, amma ruwan da ake damawa da shi da ƙanƙarar da ake jefawa su ke ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma mai kimiyo garkuwar jikinta ta yi ƙasa. Ki dama da ruwan da kika tafasa da hannunki, a sha a take, kada ta yini a kwarya tana tsami cikin zafi. Sai nonon kansa. Nono mai tsami ya fi madara sauƙi a ciki, saboda tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin madarar. Damuwata da nonon talla ita ce ba a san ko an tafasa madarar ba, ba a kuma san ruwan da aka sirka shi da shi ba. Ki nemi yawut na kamfani, rufaffe, daga firiji, ko ki tafasa madara ki kwana da ita da kanki.

Idan duk da haka kin ga ciki na ƙugi da kumburi bayan ta sha, ki janye nonon kwana 3 zuwa 4, ki dama furar da ruwa da ɗan sukari, ki duba littafinki. Idan zawon ya ragu, nonon ne, a jira sai bayan gashin. Idan bai canza ba, ki mayar mata da abinta, babu amfanin hana ta. Madarar gari da ta gwangwani da ɗanyar madarar shanu ko ta raƙumi su ne suka fi tayar da ciki, kuma ɗanyar da ba a tafasa ba kada ta kusance ta sam, ko wa ya kawo ta da sunan magani.

Kunun tsamiya kuma a bar shi idan zawo ya fara, domin tsamiya tana sakin ciki. Haka kanwa.

Magungunan asibiti da na gida

Maganin da aka fi bayarwa shi ne loferamid. Yadda aka saba, ƙwaya 2 a farko, wato miligiram 4, sannan ƙwaya 1 bayan kowane zawo, kada a wuce ƙwaya 8 a yini. Ki roƙi likitan ya rubuta shi tun makon farko ya faɗa miki lokacin farawa, don kada dare ya same ku hannu rabbana. Ba a shan sa idan akwai zazzaɓi, ko jini a bayan gida, ko ciki ya kumbura ya yi tauri.

A ƙasarmu ba kowane zawon mai gashi ne na gashi ba. Atuni, ƙwayoyin cutar ruwa, har zazzaɓin cizon sauro suna nan ba su tafi hutu ba. Zawon da ya fara a kwanakin farko, ko ya zo da zazzaɓi, ko ya kama ki ke ma, a kai bayan gida gwaji. Kada ki sayi flajil ko wani maganin ƙwayoyin cuta a tebur ki ba ta da ka. Diklofenak da ibuprofen, waɗanda ake sha kamar gyaɗa don ciwon baya, haɗari ne ga ƙodar mai shan sisplatin, musamman tana zawo. Idan tana shan maganin hawan jini ko na sukari, ki nuna wa likita kwalayen, domin wasu ana dakatar da su idan jiki ya bushe, metformin kuma shi kansa yana sa zawo.

Akasin haka ma na faruwa. Tramadol, morfin, maganin amai irin ondansetron da ƙwayar ƙarin jini suna ɗaure ciki. Idan ta kwana 3 ba ta kewaya ba, ki faɗa musu. Kada a jiƙa mata filasko, kada a ɗura mata ruwa ko a cusa wani abu ta dubura, wurin ɗanye ne, yana iya fashewa da jini.

'Yan uwa za su zo da saiwoyi da garin magani, kowa da kyakkyawar niyya. Ki karɓa ki yi godiya, ki ajiye. Da yawansu masu wanke ciki ne, wasu suna taɓa hanta da ƙoda, kuma idan gwajin jini ya lalace babu mai iya rarrabe ko kimiyo ne ko jiƙo. Haka ƙwayoyin bitamin masu ƙarfi da ake tallatawa a waya, sai da izinin likita. Addu'a da tofi a ruwa mai tsabta kuwa a yawaita. Idan azumi ya riske ku a tsakiyar magani, Inna tana cikin waɗanda Allah ya yi wa rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Jikin da ke gashi da sisplatin ba zai jure yini babu ruwa ba. Idan ta ƙi jin taki, ki haɗa ta da malamin da take girmamawa.

Wani abu da masu jinya ke mantawa shi ne fatar wurin. Yawan kewayawa da hasken kansa suna sa dubura da matsematsi su yi ja su saɓule. Tsarki da ruwa mai ɗumi-ɗumi a buta, ba sabulu mai ƙamshi, ba goga, a dafa da tsumma mai laushi ya bushe. Zama cikin baho na ruwan ɗumi na 'yan mintoci yana kwantar da raɗaɗi. Ban da ruwan zafi irin na jego, ban da man zafi, ban da toka ko garin magani. Man da za a shafa, ma'aikatan gashin su zaɓa, su kuma faɗi lokacin shafawa. Zane na auduga sakakke ya fi mata komai.

Ranar da ba a jira

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Idan kewayawarta ta ƙaru da sau 4 zuwa 6 a kan yadda ta saba, ki sanar da su a ranar. Idan ta kai ƙarin 7, ko zawon na tashinta da dare yana kuɓuce mata, ko ya wuce yini guda duk da loferamid, ku tafi asibiti. Haka idan zafin jiki ya kai digiri 38, wanda ga mai kimiyo gaggawa ce ko da ba ta jin komai, don haka ki sayi ma'aunin zafi kafin ku tashi. Haka jini mai yawa ko gudaji, amai da ya hana ruwa zama, fitsarin da ya ɗauke, jiri idan ta miƙe, rikicewar magana, ko ciki ya kumbura babu iska babu bayan gida. Kuma kada ku yanke shawarar hutar da ita daga gashin da kanku. Ko tana zawo, ku je, su gani, su ne za su ce a yi ko a ɗaga.

Bayan an gama

Tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a mota, ta Doso, Ƙonni, Maraɗi da Tasawa, kuma ranar da aka sallame ku tana iya faɗawa daidai lokacin da zawon ya fi ƙarfi. Idan da hali ku ƙara 'yan kwanaki a masauki. Idan babu, ki tambayi likita ko za ta sha loferamid kafin tashi, ki haɗa SRO a gora, ki riƙe burodi, ayaba da dafaffen ƙwai, da zane na canji da ƙunzugun manya. Kada ta ƙi shan ruwa don tsoron tsayar da direba.

A gida, ki dawo da abinci ɗaya-ɗaya, kowanne a ba shi kwana 2 ko 3 a gani: ganye dafaffe tukuna, sannan wake da aka cire wa ɓawo, sannan sauran. Yawanci cikin wata 1 zuwa 2 ciki yana komawa kusa da yadda yake. Wasu kuwa, bayan watanni ko ma shekaru, sukan ga sabon abu: zawon da ya ƙi tafiya, gaggawar kewayawa, bayan gida mai maiƙo da ke da wuyar wankewa, ko jini ta dubura, wanda ya fi fitowa tsakanin wata 6 da shekara 2. Jinin nan kusan kullum basir ake ce masa, a yi ta shan jiƙo, alhali ƙananan jijiyoyi ne da gashi ya raunana, kuma dole a duba a tabbatar ba cutar ce ta dawo ba. Yawancin waɗannan matsaloli suna da magani idan aka gano sababinsu: na ɗacin matsarmama daban, na ƙwayoyin cuta da suka yi yawa a ƙaramin hanji daban, na ƙarancin bitamin B12 daban. Idan kuma fitsari ko bayan gida ya fara fitowa ta gaba, ko ciki ya riƙa murɗawa da amai, a zo asibiti ba tare da jira ba.

Kafin ku bar Yamai, ki karɓi takardar da ke nuna wurin da aka gasa, yawan hasken da aka ba ta, adadin zaman, da kimiyon da ta samu, ki yi mata hoto a waya ki kuma adana ta a leda. Duk likitan da zai duba cikin Inna nan gaba, musamman mai fiɗa ko mai saka na'urar hangen hanji, a nuna masa ita kafin ya taɓa ta, domin hanjin da aka gasa ba ya warkewa daga yanka kamar sauran. Idan kun dawo, ki kawo ta asibiti a nan cikin mako 2 na farko tare da littafin nan naki, a auna nauyinta, jininta da ƙodarta.